Ranar da Aka Aro Suwici Daga Kusada

Sodangi Dawuda yana da shekara talatin da biyu lokacin da wannan abu ya faru, kuma a tsakanin Kankia da Kusada shi ake kira idan kwamfutoci suka daina magana da juna. An haife shi a wata ruga da ke bayan Kunduru. Shi ne na huɗu a ɗakin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai aka sa a boko. Ba wai an ga wata alama a tare da shi ba. Ƙafarsa ta hagu ce ta karye yana ɗan shekara bakwai, aka ɗora ta a karkace, ya zama ba ya iya bin shanu zuwa nesa. Mahaifinsa ya duba ya ga zaman banza bai dace ba, sai ya kai shi firamare.

Ya yi sakandare a Kankia, ya yi shekara biyu a Katsina yana karatun kwamfuta. Amma sana'ar da yake ci da ita a Kano ya koye ta, wurin wani mai haɗa wa ofisoshi layi, inda ya yi wata goma sha ɗaya yana jan waya a cikin silin kafin a yarda ya taɓa suwici. Suwici akwatin ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, mai ƙofofi arba'in da takwas a gabansa, kowace ƙofa da 'yar fitilarta. Duk kwamfutar da ke gida a nan wayarta take shiga. Idan fitilar ta yi kore, lafiya. Idan ta yi ruwan goro, akwai magana.

A shekarar 2021 Alhaji Badaru, wanda ya yi arziki da cinikin gyaɗa, ya gina cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta a Kankia. Kujera ɗari da sittin, suwici huɗu, kowanne na ɗauke da kujera arba'in. Hukumar da ke kawo jarrabawar ta gindaya sharaɗi: kwamfutocin ɗalibai kada su ga na ofis, kada su ga kyamarori, kada su sami hanyar fita intanet. Alhaji ya ɗauka sai ya sayi kaya kashi uku. Sodangi ya ce masa a'a, akwai abin da ake rubutawa VLAN a takarda, a baki kuma a ce bilan, wanda ke raba suwici ɗaya ya zama kamar gidaje da yawa.

"Ardo, yi mani da Hausa," in ji Alhaji. Haka yake kiransa idan yana cikin raha.

"Alhaji, ka san burtali. Garke biyar za su bi ta cikinsa, amma kowace saniya da shaidar gidansu a jikinta. In an iso gari ba wadda za ta shiga garken wani. To kowane saƙo da zai bi wayar da ke tsakanin suwici da suwici, sai an buga masa lamba. Kowace ƙofa kuma turke ce. Turke ɗaya, garke ɗaya."

"Kai dai duk inda ka je sai ka kai mu ga shanu."

Daga ranar sunan ya bi abin. A cibiyar ba wanda yake cewa bilan, garke suke cewa. Garke na 20 na ɗalibai ne da babbar kwamfutar da tambayoyi ke ciki. Na 30 na kyamarori. Na 40 na ofis da intanet. Na 99 na Sodangi ne shi kaɗai, ta nan yake shiga ya duba suwici ko daga nesa.

Malama Rauda, sakatariyar cibiyar, mace ce mai shekara arba'in da ɗoriya wadda ta taɓa aiki a ɗakin ajiye fayil. Ita ta sayi dogon littafi mai baƙin bango, ta ja layi da rula, ta rubuta kowace ƙofa da lambar kujerarta da garkenta. A shafin farko ta rubuta ƙa'idojin da Sodangi ya yi mata shifta. Lambobin garke daga 1 suke farawa su tsaya a 4094. Lamba 1 da ita suwici yake zuwa daga kamfani, ba ta gogewa, kuma ba a zuba ɗalibai a cikinta domin duk wanda bai da garke nan yake faɗawa. Daga 1002 zuwa 1005 ba a taɓawa. Idan aka goge garke, ƙofofinsa ba sa komawa ko'ina, mutuwa suke yi a inda suke har sai an dawo da lambar. A ƙasan shafin, da jan biro, ta rubuta wadda ya fi nanatawa: duk abin da aka gyara a adana shi kafin a tashi, domin suwici mantawa yake yi idan wuta ta ɗauke.

Akwai abu ɗaya da bai shiga littafin ba. Don kada ya riƙa rubuta lambobi sau huɗu, Sodangi ya kunna wani tsari da ke sa suwici ya koya wa 'yan'uwansa jerin garkuna. Ana ba su sunan gida ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Kowane gyara aka yi, ƙidaya ta ƙaru da ɗaya, kuma wanda ƙidayarsa ta fi yawa shi sauran suke bi, ba tambaya. Da na'urar ta nemi sunan gida, bai yi dogon tunani ba ya rubuta Inno, yadda yake kiran mahaifiyarsa. Bayan shekara guda Alhaji Ummaru, aminin Alhaji Badaru, ya buɗe makarantar koyon kwamfuta a Kusada, ya kira shi. Sodangi ya yi masa aiki da irin hannun da ya yi na Kankia.

Ranar Juma'a, 19 ga Mayu 2023, bayan La'asar, ruwan farko ya sauka da tsawa. Tsawar ta ƙona suwici na huɗu. Washegari Asabar da ƙarfe tara ɗalibai ɗari da sittin za su zauna jarrabawar shiga makarantun aikin jinya, kuma a wannan Asabar ɗin ce za a raɗa wa 'yar farin Sodangi suna a Kunduru.

Malama Rauda ta ce a kira shi. Alhaji ya ce ba zai yi wannan rashin ta-ido ba.

"Mutum na shirin sunan ɗiyarsa ta fari in tada shi saboda akwati? Ummaru na da irinsa sak, makarantarsa na hutu. Ko buhun iri ne ai aro muke tsakaninmu, balle wanga."

Ya aika direba Kusada aka kawo. Da safe, ƙarfe shida da minti arba'in, Malama Rauda ta ɗauki hoton tsohon da wayarta, ta zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da kowace a ƙofa mai lamba irin tata a jikin na aro. Wayar ƙarshe ita ce ta burtali, wadda ke haɗa shi da sauran. Ta soka ta. Ba a yi minti biyu ba fitilun suwici huɗun nan kaf suka koma ruwan goro.

Ƙarfe bakwai da minti biyar wayar Sodangi ta yi ƙara. Yana bayan garken shanun yayansa a tsugune, domin uban ɗan fari ba ya zama inda ake taron suna, kuma tun asuba Adda, babbar yayarsa, take aiko yara su tsokane shi. Ya ga sunan Alhaji ya ɗauka barka ce.

"Sodangi." Ba Ardo ba. "Komai ya mutu."

"Mi ya mutu, Alhaji?"

"Komai! Har kyamara. Yarinyar nan ta taɓa wani abu."

Ya sa aka ba Malama Rauda wayar. Ta jero masa abin da ya faru daki-daki har da lokaci. Da ta ce Kusada, sai ya jawo jakarsa. Ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya ya gwada shiga ta garke na 99. Babu amsa. Ya san ba za a amsa ba.

"Malama, zare wayar ƙarshe daga na aro. Yanzu. Sannan kada kowa ya taɓa komai."

Alhaji ya karɓe wayar. "Na yi magana da Ummaru. Ya ce akwai ɗan maɓalli a gaba, in an danne shi an riƙe, akwatin zai koma sabo, kowa ya ga kowa. Minti biyar an gama."

"Alhaji, don girman Allah kada a danna. Yanzu kowace ƙofa tana sane da garkenta, lambobin ne kawai suka ɓace. In na zo na mayar da su, za su tashi. In ka danna maɓallin nan, ƙofofin ma sun manta, kowa ya faɗa lamba ɗaya, ɗalibi da ofis da intanet. Mai dubawa na hukuma yana gwadawa zai gani."

"To ka taho. Na ba ka zuwa takwas da rabi."

Ya rataya jakarsa ya tura babur ta bayan ruga. Adda ta hango shi ta ɗaga murya.

"Kunyar ce har da gudu a babur? Ai ba yanka ka za a yi ba, rago za a yanka!"

Bai ko waiwaya ba. Da rani tafiyar ba ta kai shi minti arba'in, amma ruwan jiya ya cika ƙoramar da ke kan hanya. Ya tarar da masu babura shida a bakinta suna jiran ta janye. Ya ɗora jakar a ka, mutum biyu suka kama masa babur suka tsallaka da shi, ruwa har cinya, ƙafar nan tasa ta hagu na zamewa a laka. A ƙetare babur ya ƙi tashi sai da aka goge fulogi. Gonaki hagu da dama cike da mutane, maza na sara da sungumi, mata da yara na bi suna zuba iri. Wayarsa ta yi ƙara sau huɗu a aljihu, bai tsaya ba.

Ya iso cibiyar tara saura minti takwas. Ɗalibai sun cika ƙarƙashin darbejiyoyin ƙofar gida, kowa da takardarsa a hannu. Wani dattijo mai laka a duga-dugai ya tare shi.

"Kai ne mai gyaran? Daga Fakuwa muke. Na bar iri a ƙwarya na kawo ɗiyata Zuliha. An ce in ba a yi yau ba sai Katsina, sai wani mako. Gaskiya ne?"

"Baba, bari in shiga tukuna."

A cikin zauren jarrabawa akwai wani mutum siriri mai farin gilashi, da fom a kan allon rubutu. Shi ne Malam Sharafaddeen, jami'in da hukumar ta aiko. Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi murmushi ba.

"Injiniya, sannu da hanya. An ba ni ikon jinkiri na awa ɗaya. Idan goma ta buga ban gwada kujerun nan ɗari da sittin na same su daidai ba, zan soke zaman, in rubuta a mayar da ɗaliban wata cibiya. Abin da zai biyo baya kan lasisin wurin nan ba a hannuna yake ba."

Sodangi ya wuce ɗakin na'urori. Suwici na ɗaya da na biyu ruwan goro. Na huɗu, na aro, ruwan goro. Na uku kuwa kore shar, ƙofa arba'in da takwas. Ya tsaya yana kallonsa. Alhaji ya kawar da kai.

"Takwas da rabi ta wuce ba ka ɗauki waya ba. Guda ɗaya kawai na gwada. Ga shi kuwa ya yi kore."

"Koren banza ne, Alhaji."

Malama Rauda na tsaye a lungu da littafinta a ƙirji, idanunta sun yi ja. Da alama an faɗa mata maganganu kafin ya iso.

Ya ciro shuɗiyar wayar nan mai faɗi wadda ba ya rabuwa da ita, wadda ake shiga suwici da ita kai tsaye idan duk hanyoyi sun toshe. Ya soka a bayan na ɗaya, ya zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen wandonsa, ya nemi jerin garkuna. Babu 20, babu 30, babu 40, babu 99. Ga 50, ga 60, ga 70, da sunayen da shi da kansa ya rubuta a Kusada: ajin safe, ajin yamma, ofishin shugaba. Ya duba ƙidaya. Ta Kankia a kan sha bakwai ya bar ta. Yanzu arba'in da uku. A Kusada kowane zango sai an sake tsarin azuzuwa, shi ya sa tasu ta yi nisa. Baƙon suwici ya shigo ya ji ana kiran sunan gidansu, ya ba da kalmar sirri ta yi daidai, ya ga ya fi kowa ƙidaya, sai ya koya wa 'yan gida karatun Kusada. Bai yi laifin komai ba. Abin da aka ce ya yi ya yi.

Tara da minti shida ya rubuta lambobin huɗu. Fitilun ba su motsa ba.

"Ina aikin?" in ji Alhaji.

"Sai ya yi rabin minti yana sauraro kafin ya buɗe ƙofa. Haka yake."

Suka zuba wa fitilun ido. Fankar na'urorin kawai ake ji. Can sai fitilar farko ta juya kore, ta biyu ta bi, sannan layin gaba ɗaya, na ɗaya da na biyu. Kujera tamanin sun dawo. Alhaji ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi. Sodangi ya adana, ya zare shuɗiyar waya, ya matsa gaban na uku.

Nan aikin yake. Maɓallin ya share komai, hatta sunan gidan. Ya ba shi sabon suna, ya kashe masa tsarin koyi da wani, ya rubuta masa garkunan da hannu. Amma wace ƙofa ce ta ɗalibi, wace ce ta kyamara? Lokacin da aka ja wayoyin ba a jere suka iso ba, an soka kowace inda tsawonta ya kai.

"Malama Rauda, kawo littafin."

Ta dubi Alhaji. Alhaji ya ce, "Ita da ta jawo mana..."

"Alhaji, in ba littafinta sai mu kai azahar muna bin waya a silin. Malama, karanto."

Ta durƙusa kusa da shi, ta buɗe shafi na tara, ta ɗora rula a ƙarƙashin layin farko. Ɗaya zuwa sha ɗaya, ashirin. Sha biyu, talatin, kyamarar kusurwar gabas. Sha uku zuwa ashirin da shida, ashirin. Ashirin da bakwai, arba'in, firintar ofis. Tana karantawa yana bugawa, yana maimaita mata kafin ya danna. Sau ɗaya ya yi gaggawa ya haɗa ƙofa ta talatin da biyar da ɗalibai, ta ce, "A'a, talatin da biyar kyamara ce, an sauya ta a watan Nuwamba, ga sa hannunka." Ya gyara. Tara da minti ashirin da takwas suka gama, ya adana.

Saura na aro. Kafin komai ya sauya masa sunan gida, ƙidayarsa ta faɗo sifili. Ya goge garkunan Kusada, ya rubuta na Kankia, Malama Rauda ta juya zuwa shafi na sha biyu. Tara da minti arba'in da ɗaya ya mayar da wayar burtali da hannunsa. Rabin minti. Kore.

A daidai nan Malam Sharafaddeen ya leƙo.

"Injiniya, zo ka nuna mani wace kujera ce ke kan wane akwati, in fara gwaji."

Sodangi ya miƙe ya bi shi. Ya kai tsakiyar zauren ke nan sai fankokin sama suka yi sanyi, fitilu suka ɗauke. Wutar gari ta tafi. Kwamfutocin ba su mutu ba, suna kan batir da sola. Ya fara cewa ba komai, sai ya tuna da na aro. Ya juya da gudu, gudun da ƙafarsa ba ta saba ba.

Suwici uku na ci. Na aro ya mutu. Da safe da aka kawo shi, wayar wutarsa ba ta kai layin batir ba, aka soka shi a soket ɗin bango. Kuma bai adana ba. Ƙa'idar da ya sa aka rubuta da jan biro, shi ya tsallake ta.

A waje janareta ya yi tari sau biyu ya kama. Kafin na aro ya gama farkawa Sodangi ya fizge wayar burtali, domin bai tabbata da wane suna zai tashi ba. Idan ya tashi da sunan Inno da ƙidayarsa ta da, zai iya sake kwashe na ɗaya da na biyu. Ya tsuguna yana kallon rubutu na gangarowa a hankali a fuskar kwamfutarsa. Irin wannan suwici ba a hanzarta shi. Minti uku cur.

"Ƙarfe nawa?"

"Tara da arba'in da tara," in ji Malama Rauda.

Alhaji ya sunkuyo ya rage murya. "Ardo, saurara. Kujera arba'in ce kawai. Danna masa maɓallin nan ya yi kore. Mutumin nan ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya ba."

"Ko bai bi ba, Alhaji, ba za su ga tambayoyin ba. Tambayoyin na garke na 20, su suna na ɗaya. In kuma na buɗe masu hanya daga can, na buɗe wa duk wanda ya soka waya a gidan nan. Ka matsa mani haske."

Suwicin ya tashi. Sabon sunan ya zauna, garkunan ma suna nan, amma ƙofofin duk sun koma neman 50 da 60 na Kusada. Sodangi ya ɗora yatsu kan madannai. Malama Rauda ta riga ta mayar da rula saman shafi na sha biyu. Wannan karon ba ta jira ya maimaita ba, tana faɗa yana bugawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan madannai. Ɗaya zuwa tara. Goma. Sha ɗaya zuwa talatin. Da suka kai ƙarshe ya adana, ya sake adanawa, sannan ya soka burtali.

Ruwan goro.

Malam Sharafaddeen na tsaye a bakin ƙofa, ya juyo da agogon hannunsa yana kallo. Daga waje ana jin hayaniyar ɗalibai ta ƙaru, wani na buga ƙyauren ƙarfe. Sodangi ya ƙirga a zuci. A ashirin da tara babu abin da ya sauya. A talatin da biyu fitilar burtali ta juya, sauran suka bi ta.

"Goma saura minti uku," in ji Malam Sharafaddeen. "Ban ce a gama gyara kafin goma ba, cewa na yi in gwada. Mu je."

Ya aika gwaji daga babbar kwamfuta, kujera ɗari da sittin suka amsa. Sannan ya zaɓi kujera huɗu da kansa, ɗaya daga kowane suwici. A kowace ya nemi intanet, ta ƙi. Ya nemi firintar ofis, ta ƙi. Ya nemi kyamara, ta ƙi. A kujera ta ɗari da talatin da takwas, wadda ke kan na aro, ya gwada sau biyu. Ya cire gilashinsa ya goge, ya duba agogo.

"A buɗe masu ƙofa."

Goma da minti bakwai ɗalibin farko ya zauna. Da zauren ya yi tsit, Malam Sharafaddeen ya dawo ofis da fom ɗinsa. Akwai gurbin da aka rubuta dalilin jinkiri.

"Sakatariya ce ta haɗa kaya ba da sani ba," in ji Alhaji. "Za mu ɗauki mataki."

Sodangi na zaune a kan benci yana matse ƙafar wandonsa. Ya ɗago.

"Malam, ba haka za a rubuta ba. Ta haɗa daidai, ko ni haka zan jera wayoyin. Ni na ba gidan nan da na Kusada suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ban faɗa wa kowa ba, ban sa an rubuta ba. Da sunan ya bambanta, da kujera arba'in kawai za a rasa, sauran ba abin da zai same su. Na ƙarshen nan kuma ni ne ban adana ba."

"Ka san wannan takarda har hedikwata za ta je, da sunanka a kai?"

"Na sani. Sodangi Dawuda. Dawuda da harafin w a tsakiya."

Malam Sharafaddeen ya rubuta. Alhaji ya shiga gyara hularsa. Can ya juya wajen Malama Rauda ba tare da ya haɗa ido da ita ba, ya ce a kawo wa mutane shayi, ita ma ta sha, tun safe ba ta ci komai ba. Ita kuwa ta buɗe shafin farko na littafin, ta ciro jan biro, ta miƙa wa Sodangi kunne.

"Faɗi yadda zan sa."

"Sa: kowane gida da sunansa. Kuma duk suwicin da ya kwana a wani wuri, ba ya taɓa burtali sai an wanke shi."

Sha biyu da kwata ɗalibai suka fara fitowa. Dattijon Fakuwa bai tsaya neman kowa ba, ya ɗora 'yarsa a bayan babur suka kama hanyar gona, ƙasa na da sauran danshi. Sodangi ya sauya wa na ɗaya da na biyu suna, ya ja wa na aro wuta daga layin batir, ya gaya wa Alhaji kada a mayar da shi Kusada sai ya zo da kansa ya mayar masa da karatunsa na can. Yana naɗe shuɗiyar wayarsa sai Adda ta kira. An raɗa suna tun takwas, an ci an watse, Inno na tambaya ko ƙoramar ta tafi da shi. Ta faɗa masa sunan. Ya ce to, ya kashe.

"Mi aka sa wa jaririyar?" in ji Malama Rauda.

Ya sunkuyar da kai yana zuge jaka.

"Sai ki tambayi Adda."

Alhaji ya yi dariya karo na farko a ranar. "Ka ji Bafillace! Ya iya ba da sunansa a kai hedikwata, na ɗiyarsa ya gagare shi."

Sodangi ya rataya jakar ya fita. Babur ya tashi a bugu na uku.